Gumin aiki da gumin motsa jiki: wanne ne yake kare DNA?

Wani bawan Allah mai shekara 43 da yake aiki a shagon sari a kasuwar Nima da ke Accra ya aiko da tambaya game da gardamar da ta haɗa shi da ƙaninsa. Shi dai yana wuni yana sauke buhunan shinkafa da katan-katan na man girki daga mota zuwa sito, ƙanin kuwa ma'aikacin ofis ne a Ridge wanda yake wuni a zaune gaban kwamfuta, amma duk Asabar yana bin masu tattaki daga Ayi Mensah zuwa Peduase a kan tudun Aburi. Ƙanin ya ce motsa jiki yana kare DNA daga lalacewa, saboda haka ya kamata wan nasa ya shigo cikinsu. Wan ya ce gumin da yake zubarwa a rana ɗaya ya fi na ƙaninsa na wata guda, kuma ma ya ga wani bidiyo a WhatsApp da ake cewa motsa jiki mai tsanani karya DNA yake yi. Yana son ya san wanda yake da gaskiya.

Malam, bidiyon da ka gani bai yi ƙarya ba, amma rabin zance ya ba ka. Ƙaninka ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai shawarar da ya ba ka ta dace da mai aikin zama ne irinsa, kai kuma taka daban ce. Zan yi bayanin dalilin haka a matsayina na likita mai duba lafiyar ma'aikata a nan Accra.

DNA zare ne siriri da yake naɗe a cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum, wanda in da za a warware na ƙwaya ɗaya zai kai kimanin mita 2, kuma a jikinsa ne aka jera umarnin da ƙwayar take bi wajen yin aikinta da wajen rabuwa gida biyu. Mutane da yawa suna zaton cewa zaren nan a killace yake, ba abin da yake taɓa shi sai guba ko hasken nukiliya, alhali kuwa kullum cikin samun rauni yake ko mutum yana kwance a gado. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Tomas Lindahl, ya ƙiyasta tun a shekarun 1970 cewa a kowace ƙwaya ana samun kimanin wurare 10,000 da suke ɓallewa a zaren a rana guda, ta hanya ɗaya kawai daga cikin hanyoyin lalacewa. Abin da ya sa ba mu halaka ba shi ne akwai sinadaran gyara da suke bin zaren dare da rana suna cire ɓarnar suna maye gurbinta, kuma a kan gano yadda wannan gyara yake gudana ne aka ba Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar lambar yabo ta Nobel a 2015. Lafiyar DNA ke nan ta rataya ne a kan tazarar da take tsakanin yawan ɓarna da saurin gyara. Ɓarnar da gyara bai riske ta ba kafin ƙwaya ta rabu, ita ce take zama kuskure na dindindin, kuma taruwar irin waɗannan kurakurai a wurare masu muhimmanci ita ce tushen ciwon daji.

Wani kaso mai yawa na ɓarnar daga iskar oksijin da muke shaƙa yake fitowa. Ƙwayoyin jiki suna ƙona abinci da oksijin domin su samu ƙarfi, kuma kamar yadda murhu ba ya ci da wuta ba tare da tartsatsi ya yi tsalle ba, haka wani ɗan kaso na oksijin yake kuɓucewa a cikin siffa mai cin duk abin da ta taɓa, har da DNA. Idan wannan tartsatsi ya faɗa wa ɗaya daga cikin tubalai huɗu na zaren, wanda ake kira guwanin, sai ya mayar da shi wani abu da ake kira 8-OHdG, wanda ake iya aunawa a jini ko a fitsari. Masu bincike suna da wani gwajin kuma mai ban sha'awa da ake kira gwajin tauraruwa mai wutsiya, wanda aka fara yi a 1984 aka kuma inganta shi a 1988. Ana ɗibar fararen ƙwayoyin jini a baza su a cikin wani daskararren ruwa a kan ɗan gilashi, a narkar da fatarsu, a sa musu wutar lantarki mai rauni, sannan a rina su a duba a madubin likita. Ƙwayar da DNA ɗinta yake lafiya tana nan dunƙule a wurinta, wadda nata ya kakkarye kuwa sai gutsattsarin su bi wutar su ja wutsiya a bayanta, kuma gwargwadon tsawon wutsiyar da haskenta gwargwadon ɓarnar.

Da waɗannan gwaje-gwaje ne aka tabbatar da abin da bidiyon ya faɗa. A 1982 Kelvin Davies da abokan aikinsa a Kalifoniya sun nuna cewa dabbobin da aka sa su gudu har suka galabaita, tartsatsin oksijin ya ninka sau biyu zuwa uku a tsokarsu da hantarsu. Daga baya an ga irin haka a jinin masu tseren dogon zango. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama a kan mutane, ya nuna cewa ɓarnar DNA tana ƙaruwa nan take bayan motsa jiki mai ƙarfi, tana kuma nan har zuwa kwana guda, amma idan aka sake aunawa bayan kwana 5 zuwa 28 ba a ganin ta. Wannan ƙarshen ne bidiyon ya yanke.

Abin da yake faruwa a cikin waɗannan kwanaki shi ne ainihin amsar tambayarka. Jiki yana ɗaukar ɗan tartsatsin da motsa jiki ya haifar a matsayin gargaɗi, sai ya ƙara samar da sinadaransa na kashe tartsatsi, ya kuma ƙara kuzarin sinadaran gyaran DNA, irin su wanda ake kira OGG1, wanda aikinsa shi ne cire guwanin da ya lalace. Zsolt Radak na ƙasar Hungari ya shafe shekaru yana nuna wannan a tsokar dabbobi da ta mutane. Mutumin da yake motsa jiki a kai a kai, yana kuma hutawa a tsakani, yana wayar gari da kariyar da ta fi ta wanda ba ya yi. Akwai wani gwaji da aka yi a Jamus aka wallafa a 2009 wanda nake son duk mai sayen ƙwayoyin ƙarin kuzari a kemis ya san da shi. Michael Ristow ya sa samari 39 motsa jiki na mako 4, ya ba wasunsu bitamin C miligiram 1,000 da bitamin E mai yawa kullum, wato abubuwan da suke kashe tartsatsin tun kafin jiki ya ji shi. Waɗanda suka sha bitamin ɗin ba su samu ingantuwar da sauran suka samu ba wajen sarrafa suga, kuma sinadaran kariya na jikinsu ba su ƙaru ba. Lemo da mangwaro da ganyen miya ba su da wannan matsala, domin abin da yake cikinsu bai kai wannan yawan ba.

Binciken da ya fi kusa da gardamarku an yi shi ne a Japan. Hiroshi Kasai, wanda yana cikin waɗanda suka fara gano 8-OHdG a 1984, ya wallafa sakamakon auna fitsarin maza 318 masu lafiya a 2001, inda ya kwatanta shi da yanayin rayuwarsu da aikinsu. Waɗanda suke motsa jiki matsakaici sun fito da alamar ɓarna ƙasa da ta sauran, amma masu aikin ƙarfi sun fito da ita sama, haka ma masu shan taba da masu aikin karɓa-karɓa tsakanin dare da rana. Wato a cikin rukuni ɗaya na mutane, gumin wasa da gumin aiki sun nufi wurare mabambanta.

Sai dai ban yarda a ɗora wa irin wannan bincike kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Awo ne na lokaci guda, kuma mutumin da yake da sararin fita motsa jiki bayan aiki galibi shi ne wanda ya fi samun albashi, ya fi cin abinci mai kyau, ya fi samun barci, kuma ba ya shan taba sosai, saboda haka raba tasirin motsa jikin da na sauran abubuwan yana da wuya ko da an yi lissafin cire su. Ita kanta alamar fitsarin tana da fuska biyu, domin abin da ya fita a fitsari abu ne da jiki ya riga ya cire. A wani bincike da aka yi wa masu aikin dare a Amurka an ga alamar ta ragu a daren da suke aiki, kuma masu binciken sun fassara hakan da cewa gyara ne ya yi rauni, ba ɓarna ce ta ragu ba. Shi ya sa ni na fi ba da nauyi ga binciken da ya bi mutane shekara da shekaru ya ga wanda ya kamu da ciwo da wanda bai kamu ba.

A nan hujjar ƙaninka tana da ƙarfi ƙwarai. A 2016 an haɗa bayanan mutane miliyan 1.44 daga Amurka da Turai, waɗanda aka bi kimanin shekara 11, aka ga cewa masu yawan motsa jiki a lokacin hutu sun fi kuɓuta daga nau'i 13 cikin nau'i 26 na ciwon daji da aka duba, ciki har da na hanji da na hanta da na ƙoda da na mama da na mahaifa. Ba gyaran DNA kaɗai ne ya kawo wannan ba, akwai raguwar kitse da daidaituwar suga da raguwar kumburin cikin jiki, amma duk waɗannan suna komawa ne ga rage wahalar da ƙwayoyin jiki suke sha.

Game da aikin ƙarfi kuwa, labarin ya ɗan juya cikin tsawon kimanin shekara saba'in. Binciken farko da ya nuna amfanin motsa jiki ga zuciya a kan ma'aikata aka yi shi. A 1953 Jeremy Morris ya nuna cewa kwandastocin bas mai hawa biyu na Landan, waɗanda suke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba su kai direbobin da suke zaune kamuwa da ciwon zuciya ba. Amma da aka zo ana duba masu ɗaukar kaya da magina da masu aikin masana'antu, sai hoton ya canja. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bincike 17 mai ɗauke da mutane sama da 190,000 ya nuna cewa maza masu aikin ƙarfi sosai sun fi masu aiki mara nauyi haɗarin mutuwa da wuri da kashi 18 cikin 100, ko da yake ba a ga haka ga mata ba. A 2021 Andreas Holtermann da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon bin mutane 104,046 a yankin Copenhagen, babban birnin Denmak, na kimanin shekara 10, inda mafi yawan motsa jiki a lokacin hutu ya zo tare da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 40 cikin 100, mafi yawan aikin ƙarfi kuwa ya zo tare da ƙaruwarsa da kashi 27. Adalci shi ne in gaya maka cewa masana ba su haɗu a kan wannan ba, domin wani babban bincike na ƙasar Norwe a shekarar 2021 ya nuna cewa idan aka cire tasirin ilimi da samu da shan taba, maza masu aikin motsi ba su kasa sauran tsawon rai ba. Abin da na ɗauka daga duka biyun shi ne, ko da aikin ƙarfi bai cutar ba, ba a ga yana ba da irin kariyar da motsa jikin lokacin hutu yake bayarwa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne idan ka dubi wuninka. Ƙaninka yana taka tudun Aburi na awa ɗaya ko biyu, zuciyarsa ta buga da ƙarfi, numfashinsa ya hau, idan ya gaji ya sassauta, sannan ya koma gida ya yi wanka ya ci abinci ya kwanta, jikinsa ya samu kwanaki yana gyara. Kai kuwa idan ka sunkuya ka ciccibi buhu mai kilo 50, kana riƙe numfashi ka ɗaure ciki, kuma a daidai wannan lokacin jininka yana hawa sosai. Kana maimaita haka sau da yawa daga safe zuwa yamma, bugun zuciyarka yana ɗan sama da na hutu na tsawon awa takwas ko goma, amma ba ya kai matakin da zai ƙara wa zuciyar ƙarfi. Ba kai kake zaɓar lokacin tsayawa ba, zuwan mota ne yake zaɓa maka, kuma gobe da sassafe za ka koma tun tsokar ba ta warware ba. Gargaɗin da ya kamata ya zo ya wuce domin jiki ya yi shiri, a wurinka ya zama abin da ba ya yankewa.

Akwai wani abu da ku biyun ba ku ambata ba, wanda a ganina ya fi gardamarku nauyi idan ana maganar DNA a Accra, wato hayaƙi. Steffen Loft ya nuna a 1992 cewa masu shan taba suna fitar da 8-OHdG fiye da marasa sha da kusan kashi 50 cikin 100, a 1999 kuma ya nuna cewa direbobin bas na tsakiyar Copenhagen sun fi na bayan gari wannan alama. A 2005 an sa matasa hawa keke a cikin cunkoson motoci na birnin, aka ga ɓarnar DNA a jininsu tana bin yawan ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da suka shaƙa. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a sahun farko na abubuwan da suke jawo ciwon daji a 2012, gurɓatacciyar iskar waje a 2013, hayaƙin walda a 2017. Yanzu ka tuna yadda ake sauke kaya a bakin sito: direba ya bar injin yana aiki, kai kana tsaye a bayan motar daidai bakin salansa, kana haki saboda nauyi, wanda yake nufin kana jan iskar ninki-ba-ninki zuwa can cikin huhu. Roƙon direba ya kashe injin kafin a buɗe bodi ba ya cin ko kobo, kuma ina ganin zai yi wa ƙwayoyin jikinka abin da tattakin mako guda ba zai yi ba. Haka nan idan kana shan taba ko shisha, barin ta ya fi duk wata shawara da zan ba ka.

Wannan bai zama hujjar ƙin motsa jiki a gari ba, domin lissafin da masana suka yi ya nuna cewa amfanin tafiya da hawan keke ya rinjayi cutarwar iska a kusan dukkan birane. Magana ce ta zaɓen wuri da lokaci. Mai gudu a gefen titin Kanda ko kusa da Circle da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da trotro, wato ƙananan bas na haya, suka yi layi, ya zaɓi mafi munin lokaci. Bayan sallar asuba kafin motoci su fito, a filin Kawukudi ko a lungunan da ba a ƙona shara, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri gara a sassauta, musamman ga mai asma.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka na kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda za ka iya magana a cikinsa amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ga ƙaninka, tattakin Asabar yana shiga lissafi, domin wani bincike na 2017 a kan mutane sama da 63,000 a Ingila da Sikotland ya nuna cewa masu tara motsa jikinsu a kwana ɗaya ko biyu sun samu raguwar haɗarin mutuwa da kimanin kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta su da marasa yi. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙa miƙewa daga kujera a ofis, ya kuma ƙara tafiya ko sau biyu a tsakiyar mako.

Kai kuwa, Malam, ba ƙarin gajiya kake bukata ba, kuma ba zan ce ka sauke buhu ranar Juma'a sannan ka kwana da shirin hawa dutse ba. Tsokarka tana samun fiye da rabonta, zuciya da huhu ne ba sa samun irin atisayen da yake ƙara musu ƙarfi. Tafiya mai sauri ko hawan keke ko ƙwallo mara zafi na minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a mako, a ranakun da kaya ba su da yawa ko ranar Lahadi, ya isa ka fara da shi, kuma alamar kana samun amfani ita ce bayan wasu makonni za ka ga hakin da kake yi a bakin sito ya ragu. Ka riƙe barcin awa bakwai da muhimmanci irin na abinci, ka yi amfani da baro ko kura duk inda hanya ta ba da dama, ku kama buhu mai nauyi ku biyu, ka kuma sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Idan kana jin ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi yana yanke maka fiye da na abokan aikinka, ka ga likita kafin ka fara komai.

Gwajin tauraruwa mai wutsiya da na 8-OHdG kayan aikin masu bincike ne da suke kwatanta rukunonin mutane, sakamakonsu yana hawa da sauka daga rana zuwa rana, kuma ba a yanke wa mutum ɗaya hukunci da su, saboda haka kada ka ba kowa kuɗinka don ya auna maka lalacewar DNA. Abin da ya kamata ku auna, kai da ƙaninka, shi ne hawan jini da suga, sannan ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Ghana. Idan wannan ciwo ya haɗu da gubar afulatoksin da take fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, haɗarin ciwon dajin hanta yana ninkawa sosai, kuma gubar tana barin tabonta a wani sananne wuri a jikin DNA na ƙwayoyin hanta. Wanda gwaji ya nuna ba ya ɗauke da ciwon akwai allurar rigakafi da ake yi sau uku cikin wata shida, wanda yake ɗauke da shi kuma sai likita ya riƙa duba hantarsa lokaci-lokaci ya yanke ko ya kamata ya fara shan magani.